Yajin Aikin Holiwud da Ribar da Mai Kallo Ya Ci

  

Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka. Za mu leƙa Holiwud, cibiyar fina-finai da shirye-shiryen talabijin ta ƙasar. Maganar yajin aiki za mu yi. Idan aka ambaci yajin aiki, an saba duba ma'aikaci da ubangidansa. Yau mai kallo za mu duba. Mutumin da ke zaune a falo da rimot a hannu. Matashiyar da ke kwance da waya a kan fuska, dare ya raba.

Tambayar ita ce, idan sabbin shirye-shirye suka ragu, mai kallo asara ya yi ko riba ya ci? Ni a ganina riba ya ci. Kuma babbar ribar guda ce: lokacinsa ya dawo hannunsa. Ku riƙe wannan magana, domin za mu yi ta komawa kanta.

Bari mu fara da abin da ya faru.

Ranar 2 ga watan Mayun 2023, marubutan fina-finai da shirye-shiryen talabijin na Amurka suka ajiye alƙalami. Ƙungiyarsu, wadda ake kira WGA a taƙaice, tana da mambobi fiye da 11,000. Suka ɗauki kwalaye, suka yi ta zagaye a ƙofar manyan kamfanoni a Los Angeles da New York. Tun daren farko aka ga alama. Shirye-shiryen barkwanci na dare, irin na su Jimmy Fallon da Stephen Colbert, suka tsaya cak. Barkwancin da mai gabatarwa ke yi a kan labaran ranar, wasu ne ke zama kullum su rubuta masa. Da suka tashi, sai tashoshi suka koma saka maimaici.

A tsakiyar watan Yuli 'yan wasa suka bi sahu, ƙarƙashin shugabarsu Fran Drescher. Rabon da a ga marubuta da 'yan wasa suna yajin aiki tare, tun 1960. A wancan karon, shugaban 'yan wasan shi ne Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka.

Me suke nema? A dā, idan tasha ta sake haska shiri, marubuci da ɗan wasa suna samun wani kaso. Da wannan kason suke rufa wa kansu asiri a watannin da babu aiki. Da kallo ya koma intanet, a manhajoji irin su Netflix, sai kason ya ƙanƙance. Miliyoyi za su kalli shirinka, abin da zai zo hannunka bai taka kara ya karya ba. Ga kuma tsoron ƙirƙirarriyar basira. Marubuci yana tsoron a sa na'ura ta rubuta labari, a kira shi ya gyara a biya shi ɗan abin da ba a rasa ba. Ɗan wasa yana tsoron a ɗauki fuskarsa da muryarsa sau ɗaya, a yi ta amfani da su ba da izininsa ba.

Marubuta sun koma aiki a ƙarshen Satumba, bayan kwana 148. 'Yan wasa sai a watan Nuwamba. Bikin kyaututtukan Emmy, wanda aka saba yi a Satumba, sai da aka ɗaga shi zuwa Janairun 2024. Kuma shirin talabijin ba a rubuta shi yau a haska gobe. Watanni yake ɗauka. Saboda haka giɓin ya fi fitowa fili daga watan Satumba, lokacin da tashoshin Amurka suka saba buɗe sabon zango, ya kuma zarce har cikin shekarar da ta biyo.

To, wannan ke nan game da labarin. Yanzu bari mu koma baya kaɗan, mu ga halin da mai kallo yake ciki kafin yajin aikin. Idan ba mu fahimci wannan ba, ba za mu gane ribar ba.

Akwai wata tasha a Amurka mai suna FX. Shugabanta, John Landgraf, ya daɗe yana sa ma'aikatansa su ƙirga shirye-shirye masu dogon zango da ake fitarwa kowace shekara. A 2022 ƙidayar ta kai kusan 600. Wasannin kwaikwayo da na barkwanci ne kawai. Ba a haɗa da labarai ba, ba a haɗa da ƙwallo ba, ba a haɗa da shirye-shiryen gasa ba. Mai sauraro, yi lissafin da kanka. A ce kullum za ka cinye shiri guda, daga kashin farko har ƙarshen zango. Ba ka zuwa aiki, ba ka zuwa ko'ina. Shekara za ta ƙare, da sauran fiye da 200 ba ka taɓa ba.

Wannan yawa ya canza yadda mutane ke kallo. Abin da aka ƙirƙira don hutu, ya koma aikin dole. Ka shiga ofis, ana hirar shirin da ya fito jiya. Ba ka gani ba, sai ka yi shiru. Ka buɗe Facebook, wani ya riga ya faɗi wanda aka kashe a kashin ƙarshe. Don haka dole ka yi sauri. Ka kalla yau, ka kalla da dare, ka kalla kafin a ɓata maka. Mutane har jerin sunaye suke ajiyewa na abin da ba su kalla ba tukuna. Jerin kullum ƙaruwa yake, kuma duk wanda ya dube shi sai ya ji kamar ana binsa bashi.

Kun san yadda ake yi a gidan biki mai wadata. A jere maka kwano ashirin a gabanka. Ka tsoma hannu a wannan, ka ɗanɗani wancan, ido yana kan na gaba. Ka tashi ciki ya cika, amma a tambaye ka wanne ya fi daɗi, ba za ka iya faɗa ba. Haka kallo ya zama wa mutane da yawa.

Kuma ba haka kawai abin ya faru ba. Da gangan aka tsara shi. Kashi yana ƙarewa, kafin ka miƙa hannu ka ɗauki rimot, na gaba ya fara da kansa. Ana yanke labari a daidai inda zuciya ta tsaya, don kada ka iya tashi. Reed Hastings, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Netflix, ya faɗa a 2017 cewa barci yana cikin abokan gasar kamfaninsa. Ku saurari wannan da kyau. Babban kamfani yana gasa da barcinka. Duk awar da ka hana idonka, riba ce a littafinsa.

A irin wannan hali yajin aiki ya zo ya sami mai kallo. Ruwan da ke kwarara ba ƙaƙƙautawa, ya ɗan tsagaita. Lokacin mai kallo ya fara dawowa hannunsa.

Yanzu bari mu ga abin da mutane suka yi da wannan sarari.

Abu na farko, sun waiwaya baya. Akwai wani shiri mai suna Suits, labarin lauyoyi a New York. An fara shi a 2011, aka gama a 2019. A cikinsa Meghan Markle ta yi suna, kafin ta auri Yarima Harry na Ingila. Shiri ne da ya yi zamaninsa daidai gwargwado, aka nannaɗe aka ajiye. A watan Yunin 2023, ana tsakar yajin aiki, Netflix ta saka shi a Amurka. Sai jama'a suka yi masa caa. Makonni goma sha biyu a jere yana kan gaba a jadawalin kamfanin Nielsen, mai auna yawan masu kallo. Da shekara ta ƙare, shi ne shirin da aka fi kallo ta intanet a ƙasar baki ɗaya. Ya kafa tarihin da ba a taɓa kafawa ba kafin nan.

Ba zan ce yajin aiki kaɗai ne ya jawo haka ba. Akwai sunan Meghan, akwai gutsattsarin shirin da suka yi ta yawo a TikTok. Amma abin ya buɗe wa kowa ido. Tsohon shiri, wanda aka gama shekaru huɗu da suka wuce, ya doke duk sabbin da aka zuba wa miliyoyin daloli. Ga wanda bai taɓa gani ba, tsoho sabo ne.

Kuma tsohon shiri yana da wata falala da sabo ba shi da ita. An riga an gama shi. Ba za ka zauna jiran zango na gaba shekara biyu ba. Ba za ka saka ranka a labari, a wayi gari kamfani ya soke shi a tsakiya ba, abin da ya zama ruwan dare a shekarun nan. Babu mai tsere da kai. Ka kalli kashi ɗaya yau, ka bari sai jibi. Kai ke da iko. Ga maganarmu ta sake fitowa: lokacinka ya dawo hannunka.

Tashoshi ma sun shiga rumbu. Tashar CBS ta ɗauko Yellowstone, labarin wani attajirin makiyayi da iyalinsa, wanda Kevin Costner ya fito a ciki. Tun 2018 ake haska shi a wata tasha ta masu biyan kuɗi. CBS ta fara shi daga kashin farko, a tashar da kowa ke iya kamawa kyauta. Miliyoyin da ba su taɓa ganinsa ba suka samu.

Bari mu matsa gaba. Bayan waiwaye, sai leƙe waje.

Amurka ƙasa ce da ta saba sayar wa duniya labari. Ba ta saba saye ba. Da rumbun gida ya yi ƙasa, sai tashoshi suka duba ƙetare. CBS ɗin nan ta ɗauko wani shirin barkwanci na Birtaniya mai suna Ghosts, wanda daga shi ne Amurkawa suka kwaikwayi nasu. Ta kuma saka NCIS: Sydney, wanda aka shirya a Ostareliya. A intanet kuwa, shirye-shiryen Koriya ta Kudu da na Sifen da na wasu ƙasashe ba su tsaya ba, domin yajin aikin bai shafi marubutansu ba. Ƙofar da shirin Squid Game ya buɗe a 2021 ta ƙara faɗi. Ba'amurken da a dā yake ƙyamar karanta fassara a ƙasan allo, ya sami dalilin gwadawa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya kalli labarin wata al'umma, ya ga yadda suke gaisawa, yadda suke cin abinci, yadda suke kuka a makoki, ya ɗan rage jahilci game da su. Mu nan mun san wannan tun tuni. Mun tashi da fina-finan Indiya. Amurkawa da yawa sai da ƙaranci ya tura su.

To, yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe. Ita ce ribar da ta fi taɓa mini zuciya.

Yajin aikin nan ya sa mai kallo ya san akwai wani mutum da ake kira marubuci.

Mai sauraro, tambayi kanka. Shirin da ka fi so, ka san sunan jarumin. Ka san jarumar. Wataƙila ka san darakta. To, wa ya rubuta? Maganar nan da jarumi ya faɗa ta sa ka hawaye, daga kan wa ta fito? Akwai wanda ya zauna a ɗaki, ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Sunansa yana wucewa a allo cikin ƙiftawar ido. A manhajojin yanzu ma ba a bari ka gani. Sunaye suna fara hawa, sai a tsallake da kai zuwa kashi na gaba.

Da marubuta suka tashi, sai komai ya tsaya. Ga kyamara, ga fitilu, ga jarumai, ga kuɗi a banki. Amma babu abin ɗauka. 'Yan uwan nan biyu masu shirya Stranger Things, wato su Duffer, suka sanar cewa ba za su fara ɗaukar zangon ƙarshe ba sai an sasanta. Hujjarsu ita ce rubutu ba ya ƙarewa don an kunna kyamara. Ana ɗauka ana gyara. Mai kallo a gida ya ji wannan, ya fahimci abin da bai taɓa tunani a kai ba.

Ya kuma ji abin da ya ba shi mamaki. Ya ɗauka duk wanda ke Holiwud attajiri ne. Sai ga 'yan wasa, fuskokin da ya sani a shahararrun shirye-shirye, suna nuna takardun biyansu a intanet. Wani cakin ko dala ɗaya bai kai ba. Ya ji cewa mafi yawan mambobin ƙungiyar 'yan wasa ba sa samun abin da zai kai su ga inshorar lafiya ta ƙungiyar. Manyan taurari 'yan ƙalilan ne. Sauran ma'aikata ne kamar kowa, masu haya, masu 'ya'ya a makaranta.

An kuma ga zumunci. Ɗan barkwanci Drew Carey ya ɗauki nauyin abincin marubuta masu yajin aiki a wasu gidajen abinci biyu na Los Angeles, har aka gama. Manyan masu shirin dare su biyar, Fallon da Colbert da Jimmy Kimmel da Seth Meyers da John Oliver, waɗanda kullum gasa suke da juna, suka haɗu suka buɗe shirin hira ta murya a intanet. Kuɗin da aka samu, ma'aikatansu da ke zaune ba albashi aka ba.

Kuma a ƙarshe marubutan sun samu. Yarjejeniyar ta ce ba za a ɗauki na'ura a matsayin marubuci ba, kuma ba za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba. An sa adadin marubutan da dole a ɗauka a shiri. An sa ƙarin kuɗi idan shiri ya karɓu a intanet. 'Yan wasa kuma, sai da izininsu da biyansu za a kwaikwayi surarsu da na'ura. Wannan nasara ta shafi mai kallo kai tsaye. Labarin da zai kalla gobe, ɗan Adam ne zai rubuta shi, wanda ya san zafin rashi da daɗin haihuwa. A ganina jiran 'yan watanni ya cancanci wannan.

Akwai ma lokacin da tsaiko ke gyara aikin kansa. An taɓa yin irin wannan yajin aiki daga Nuwambar 2007 zuwa Fabrairun 2008, kwana 100. A lokacin ne ake shirya zangon farko na wani shiri mai suna Breaking Bad. An tsara kashi tara, yajin aiki ya tsayar da su a bakwai. Mai shirin, Vince Gilligan, ya sha faɗa daga baya cewa tsaikon ya taimake shi. Ya yi niyyar ya tura labarin da gudu a kashi biyun ƙarshe. Da aka tilasta masa tsayawa, sai ya sake tunani, ya ja labarin a hankali. Yau ana saka shirin cikin mafiya kyau a tarihin talabijin. Ba kowane shiri ne ya yi wannan sa'a ba, wasu tsaikon ya kassara su. Amma ya nuna cewa mai rubutu ma yana bukatar numfashi.

Jama'a masu sauraro, yanzu bari mu juya mu dubi ɗaya gefen. Ba zai yi kyau in kawo muku zaƙi in ɓoye ɗaci ba.

Ribar da muke magana a kai, ta mai kallo ce. Wasu ne suka biya kuɗinta. Bayan marubuci da jarumi, akwai kafinta mai haɗa ɗakin wasa. Akwai mai fitila, mai kwalliya, tela mai ɗinka kayan wasa, direba, mai dafa wa ma'aikata abinci. Waɗannan ba su suka kira yajin aiki ba, amma aikinsu ya tsaya wata shida. Wasu sun cinye ajiyarsu. Wasu sun kasa biyan haya. Wasu sun bar sana'ar ba su dawo ba. Tattalin arzikin jihar Kalifoniya ya yi asarar biliyoyin daloli. Mu da muka ga ɗalibai sun zauna a gida wata takwas a 2022 saboda yajin aikin malaman jami'a, ba sai an ba mu labarin zafin yajin aiki ba. Babu mai hankalin da zai yi fatan a hana wani abinci don shi ya huta da kallo. Ni ban yi wannan fatan ba, kuma ba na so ku fahimce ni haka.

Ga kuma wata gaskiyar. Tasha ba ta barin allo ba komai. Idan babu wasan kwaikwayo, sai ta cike gurbin da abin da ba ya bukatar marubuci. Gasar waƙa, gasar rawa, kacici-kacici, da shirye-shiryen nan da ake tara mutane a gida ɗaya ana ɗaukar rigimarsu. Masu araha ne, kuma da yawansu ba su da abin ƙaruwa. Haka aka yi a 2007, haka aka sake yi a 2023.

Tarihin Birtaniya ma yana da abin da zai ce a nan. A 1979 ma'aikatan tashar ITV sun yi yajin aiki, daga Agusta har ƙarshen Oktoba. A lokacin tashoshi uku ne kacal a ƙasar, biyu na BBC, ɗaya ITV. Kusan mako goma sha ɗaya, in ka kunna ITV, takardar ban haƙuri kawai za ka gani a allo. Me jama'a suka yi? Da yawansu murɗa akwati kawai suka yi, suka koma BBC. Shirye-shiryen BBC suka sami masu kallon da ba su saba samu ba.

Kun ga abin da wannan ke nufi. Yajin aiki ba ya kashe maka talabijin. Sarari kawai yake ba ka. Lokacin ya dawo hannunka, haka ne. Amma kana iya karɓa da hannun dama, ka miƙa wa wata tasha da hannun hagu. A zamanin nan ma abin ya fi sauƙi. Waya tana aljihu, bidiyoyin minti ɗaya ba sa ƙarewa. Wanda bai yi niyya ba, ko an rufe Holiwud shekara goma, ba zai ɗaga kai ba. Ribar tana ga wanda ya lura, ya ce wannan awa biyun tawa ce, ga abin da zan yi da ita.

Shin akwai al'ummar da ta taɓa ba kanta irin wannan sarari ba tare da yajin aiki ba? Akwai. Ƙasar Ayislan, wani tsibiri can arewacin Turai. Gidan talabijin na ƙasar ya fara aiki a 1966. Ranar Alhamis ba ya haska komai. Haka aka yi ta yi har 1987. A farkon shekarun ma, watan Yuli gaba ɗaya yake rufewa, ma'aikata su tafi hutu, sai a 1983 aka daina. Akwai batun kuɗi da ƙarancin ma'aikata a cikin dalilan. Amma abin da ya haifar shi ne, Alhamis ta zama daren ziyara da tarurruka. Ƙungiyoyi suka riƙa sa zamansu a ranar, domin sun san kowa zai samu zuwa. Ƙasa guda ta zauna shekara ashirin a haka, ba abin da ya same ta.

Manya a cikinku za su ce ai mu ma mun ga irin wannan. Gaskiya ne. A dā gidan talabijin sai da yamma yake buɗewa, ya rufe wajen tsakar dare da taken ƙasa. Samanja sau ɗaya yake zuwa a mako. Yara su taru a gidan da ke da akwati, a kalla tare, a kwashe kwanaki ana maimaita abin da ya faɗa. Shirin bai da yawa, amma ya zauna a rai har yau. Yanzu kuwa ga Arewa24 dare da rana, ga fina-finai masu dogon zango a YouTube kowane mako, ga fassarar Indiya, ga na Turkiyya, ga na Koriya. Ba na zargin masu shiryawa. Sana'a suke yi, kuma da yawansu suna ƙoƙari, suna ciyar da gidaje masu yawa. Amma yawan da ya ishi Ba'amurke, mu ma ya iso mu. Namu ma har da kuɗin data a kai.

Abin da ya sa na kawo wannan batu ke nan. Na damu da gidajen da ake zaune a ɗaki ɗaya, kowa da allonsa, ba mai ce wa wani uffan. Na damu da yaron da kakarsa ke gefe da tatsuniyoyi cike da ciki, shi kuwa kunnensa a toshe. Na damu da mai zuwa aiki da jajayen idanu, saboda an yanke masa labari a inda ba zai iya barci ba. Amurkawa sai da dubban mutane suka rasa albashi kafin suka sami ɗan sarari. Mu muna iya samun namu ba tare da kowa ya yi asarar ko sisi ba.

Don haka ga roƙona gare ku, 'yan uwa masu sauraro. A makon nan, ku zaɓi dare ɗaya. Ku yi shawara da iyali, ku sa masa rana. A daren nan a kashe akwati, a kife wayoyi. A je a gaida mara lafiya, ko a zauna a tsakar gida a yi hira, ko a ɗauko littafin da aka daɗe da ajiyewa, ko kuma a kwanta da wuri. Shirin ba zai gudu ba, gobe yana nan yana jiranku. Ku shiga saitin manhajarku, ku kashe abin nan da ke fara kashi na gaba da kansa, domin ku ne za ku ce a ci gaba ko a tsaya. Idan kuma kun kalli shiri ya burge ku, kada ku yi saurin wucewa. Ku bari sunaye su hau. Ku nemi sunan wanda ya rubuta, ku riƙe shi, ku faɗa wa wani.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau.  Allah ya sa albarka a lokacinmu, ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Ku huta lafiya.